Ranar da Iya Hure Ta Wanke Turanci

A shekarar da fari ya ƙone gero tun yana ƙunshe da kai, a wani ƙauye gefen Bagwai, babu gidan da ake ɗora tukunya sau biyu. Gidan Malam Badaru mai sassaƙa alluna kuwa abin ya fi tsanani, don wa zai sayi allo cikinsa na kuka?

'Yarsa Luba ce ta hango mafita. An shirya gasar kalmomin Turanci a Bagwai ranar Asabar: a kira kalma, ka faɗi ma'anarta, ka kasa ka fita. Yara ukun da suka rage za a kai su makarantar kwana ta gwamnati, inda karatu kyauta, tuwo ma kyauta. Malaminsu Muntaka ya ara mata ƙamus na mako uku, sannan aka yi masa canjin wurin aiki ya tafi da abinsa. Littafin rubutu ya gagari talaka, don haka tun kafin ya tafi Luba ta ɗebi sababbin allunan ubanta guda bakwai, ta cika su ciki da bai da kalmomi da ma'anoninsu.

To, ga kakarta Iya Hure, tsohuwa mai yanar ido da taurin kai. Tun farkon mako take damun ɗanta: "Badaru, yarinya za ta shiga taron mutane ba ko rubutun sha?" Ya ce zai rubuta ya ajiye mata a zaure. Ranar Alhamis da hantsi ta lallaɓa zauren, ta laluba, ta ji alluna jingine har bakwai.

"Kai, Allah ya yi wa Badaru albarka, wannan karon ya dage!"

Ta wanke su tas a ƙwarya, har da dirjewa. Luba na dawowa daga rijiya tsohuwa ta miƙa mata ƙwaryar. Yarinya ta yi bismilla ta shanye, ta shiga zaure. Sai ihu.

"Iya! Allunana! Wa ya wanke mini alluna?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da Iya Hure ta shige. Ta dafe ƙirji tana salati. Tsoro ya kama ta, kunya ta rufe ta. Ita da take rage lomarta kullum don jikar nan ta ƙoshi, yau ita ce ta tare mata hanyar abinci da hannunta. Ta yayimo mayafi ta ce ko bangon duniya Malam Muntaka ya tafi sai ta bi shi a ƙafa. Tsohuwar da ko bakin kasuwa sai an riƙe mata hannu!

Ana cikin haka Malam Badaru ya shigo da gizagonsa a kafaɗa. Ya ji bayani, ya dubi allunan da ke ɗiga, bai yi faɗa ba.

"Iya, zauna. Ke Luba, share hawayenki. Sau nawa kike bin allunan nan a rana?"

"Safe da yamma, Baba."

"Da ƙarfi ko a zuci?"

"Da ƙarfi, yadda kuka koya mana."

"To ai kin san ƙa'ida. Allo ba a raba shi da wanki, abin tambaya shi ne ko an haddace. Durƙusa ki biya mini."

Luba ta durƙusa, ta ɗora wankakken allo a cinya. Ta fara. "Abandon, yasarwa. Absent, rashin zuwa." Ta tsaya. Iya Hure ta kasa kunne. Sai yarinya ta rufe ido, ta fara rausaya gaba da baya, muryar nan ta makarantar allo ta zo da kanta. Kalmomi suka ɓalle kamar an kwance awaki daga turke. Drought, fari. Granary, rumbu. Harvest, girbi. Ta aje allo na farko ta ɗauki na biyu, alhali ba ɗigon tawada a kai. Maƙwabta suka leƙo ta katanga. A na shida ta yi tuntuɓe sau huɗu, uban ya ce ta wuce, ai ko gangaran yakan ci gyara.

Iya Hure ba ta gane ko kalma ɗaya ba, amma muryar ɗanta ta isa. Ta saki ajiyar zuciya ta ce, "Alhamdu lillahi. Ja'ira, kin kusa kashe ni." Duk da haka hankalinta bai gama kwanciya ba. Juma'a ta wuce ba ta sa komai a baki ba sai ruwa.

Ranar Asabar tun azahar ta shimfiɗa tabarma a ƙofar gida tana sauraron hanya. Da la'asar sakaliya ta ji ƙarar keken Badaru, ta ji kuma abin da ta fi so: Luba na dariya a bayansa.

"Iya, ta biyu na zo! Sun ɗauke ni!"

Tsohuwa ta yunƙura za ta tashi, sai ga Luba a gabanta. Ta koma ta zauna tana kuka tana dariya, ta rungume kan yarinyar a ƙirji. Daɗi ya cika ta har ta rasa addu'ar da za ta fara.

Can ta ɗago ta dubi ɗanta.

"Badaru, a duba mini ko akwai sauran ɗumame. Yunwa nake ji."