Fiyanon Marigayi Zakaria

Mahama ya sake zare wayar wuta ya mayar, fiyanon bai ce uffan ba. 'Yar fitilarsa na ci, amma rubutun gilashin ya daskare wuri guda. Tun safe suka taso daga Yendi, hanyar Salaga ta kwance musu ƙasusuwa, ga rana, ga mata sun fara cika rumfar biki da ankonsu ruwan goro.

Fiyanon na marigayi Zakaria ne, mijin Mma Kausara mai waƙar biki. Shi ya yi ta kaɗa mata har Allah ya karɓi abinsa, bara Mahama ya gaji kujerar. Wannan bikin kuwa da magana a ƙasa. Gwaggon amarya, mai lodin doya zuwa Kumasi, wata yarinya ta ɗauko daga Tamale, mai waƙa tana karkaɗa gashin kanti. Kakar amarya ce ta kafe sai Kausara. Gwaggo ta ce to, in tsohuwa ta kasa, yarinya na masauki, kira ɗaya ne. Kuma mawaƙin da aka sauke a Salaga, kafin ya kai gida labarinsa ya isa Bawku.

"Mahama, ya mutu ne?" in ji Taslima 'yar amshi, tana fifita da gefen gyale.

"Suma ya yi."

"To yayyafa masa ruwa mana."

Ko kallonta bai yi ba. Ya canza soket, ya hura ramukan waya, ya kashe ya kunna har yatsansa ya gaji. A ƙarshe ya danne maɓallai biyu tare, dabarar da wani mai gyara ya taɓa nuna masa, wadda ke mayar da fiyano yadda ya fito daga kamfani. Gilashi ya yi duhu, ya dawo. Ya taɓa, sauti ya fito tas. Ya share zufa, ya ɗora kiɗan da suka saba.

Mma Kausara ta taso da ƙyar, ta karɓi makirfo don gwaji. Baitin farko ya tafi lafiya. Da ta zo inda ake ɗaga murya a kira sunan amarya, sai muryar ta tsage kamar tsohon zane. Ta yi gyaran murya, ta sake. Muryar ta ƙara tsagewa. Can cikin rumfa Gwaggo ta zuge jaka ta fito da waya, ba ta kira ba tukuna, ta dai ɗora ta a cinya yadda kowa zai gani.

"Me ka yi wa kayan mijina?" in ji Mma Kausara, ƙasa-ƙasa.

"Mma, gyara na yi."

Taslima ta sunkuyo kunnensa. "Kai, ni ma wuyana ja yake. Kiɗan nan ya hau sama."

Mahama ya dubi yatsunsa. Inda ya saba dannawa yake dannawa. Ya shiga wurin da ake ɗaga sauti ko a sauke shi, ya ga sifili. Tun da ya gaji fiyanon akwai wata 'yar lamba a kusurwar gilashi, ya ɗauka haka aka ƙera shi. Ashe Zakaria ne, muryar matarsa na tsufa yana sauke mata kiɗan a ɓoye, kaɗan-kaɗan, don kada ta ji. Yau Mahama ya goge da yatsa biyu.

Ya miƙe, ya ɗaga murya har rumfa. "Ku yi haƙuri, iyayena! Jijjigar hanya ce ta ɓata injin, yanzu zan daidaita."

"Injin dai," in ji Gwaggo, ta taɓe baki.

Mahama ya sauke sautin, ya ƙara saukewa. Mma Kausara ta ja baitin, ta kai sunan amarya ba gargada. Kakar amarya ta rangaɗa guɗa da bakin da ba haƙori, mata suka miƙe. Gwaggo ta mayar da waya jaka tana cewa dama lokaci take dubawa.

Kafin Taslima ta gama amshi, Mma Kausara ta kawar da makirfo daga bakinta, ta matso kusa da Mahama, idonta na kan masu rawa.

"Ƙara saukewa kaɗan, ɗana, yau na gaji," ta ce. "Kuma ka riƙa rufe hannunka da hula. Marigayi bai taɓa bari na gani ba."