Bakancen Muttaka

Akwatin Mairama ya riga ya kai bakin ƙofa lokacin da mijinta Muttaka ya fito daga banɗaki da kumfar sabulu a kunne. Ruwan tanki ya ƙare yana tsakiyar wanka, ga shi la'asar ta yi sanyi, ba a ɗora komai na buɗa-baki ba.

"Ina za ki, Ummu Bandar?" ya tambaye ta da alkunyarta.

"Unguwar Ka'akiyya, gidan yayana. In baƙinka sun watse ka aiko."

Ya dubi falo. Wani tsoho ya miƙe a kan doguwar kujera yana minshari, mata uku sun shanya zannuwa a kan talabijin, wani kuma da ba wanda ya san sunansa yana sanye da jallabiyar Muttaka ta Juma'a.

Shi ya jawo wa kansa. A watan Sha'aban birkin tasinsa ya tsinke a gangaren dutse, ya kwarma ihu gaban fasinjoji cewa in Allah ya kuɓutar da shi, ya yi bakance duk baƙon da ya ƙwanƙwasa ƙofarsa a Ramadan ba zai mayar da shi ba. Motar ta tsaya a cikin tulin yashi. Fasinjojin kuwa 'yan Gusau ne da suka zo Umara, kuma kowa da wayarsa. Kafin a ga wata, labarin gidan kyauta a unguwar Hindawiyya, kusa da Harami, ya zaga Zamfara.

"Da Allah na yi alkawari, ba da mutum ba," in ji shi. "So kike in saɓa?"

"Ni da wa ka yi alkawari ranar ɗaurin aure? Da tukunya?"

Hadil, 'yarsu da ta dawo daga karatu a Turai, ta leƙo daga kicin inda take kwana yanzu. "Abuya, akwai wata Bayahudiya a ajinmu. Ko shayi za ta ce za ta kawo maka, sai ta ƙara da cewa ba bakance ba ne. Ta ce malamansu sun koya musu gara ka yi shiru da ka ɗauki abin da ba za ka iya saukewa ba."

"A gaban Harami za ki kawo min karatun Yahudu?"

"To na Musulmin ka ji?" Mairama ta katse shi. "Liman bai ce maka bakance ba ya juya ƙaddara ba? Bai ce wanda ya kasa ya ciyar da miskinai goma ba? Kai ka ciyar da rabin Gusau, har yanzu kana neman lada a kan bayana!"

Ta ɗauki akwati. Muttaka ya ga da gaske take, don har tukunyar shayinta ta ɗaure a zane. Ba Allah yake tsoro ba a wannan lokacin, direbobin tasha yake tsoro, waɗanda suka fara kiransa Waliyyin Hindawiyya. Amma waliyyi ma sai da mai dafa masa kunu.

"Halas, shi ke nan," ya ce da ƙaramar murya. "Gobe zan yi kaffara, in sallami kowa. Wallahi na yi ba..."

"Abuya!"

Ya haɗiye sauran. "Zan yi ƙoƙari."

Mairama ta ajiye akwatin, ta zauna a kansa, ba ta buɗe ba.

Sai aka ƙwanƙwasa. Muttaka ya gyara tsayuwa, ya buɗe ƙofa kaɗan, ya shirya kalmar haƙuri. Wata tsohuwa ce mai sanda, ta ƙare masa kallo tun daga kumfar kunne har silifa.

"Kai ne Muttaka ɗan Asiya? Ni na shayar da kai lokacin da uwarka ta kwanta ciwo. Matsa in wuce." Ta juya ta ƙwala kira a matakala. "Ku hawo da kayan, gidan ɗan'uwanku ne!"