Kowa Ya Kawo Alibinsa

Tun da Darakta ya kamu da kallon finafinan 'yan sandan ciki na Faransanci, kunnuwanmu ba su sake hutawa ba. Ana nan, ran nan aka wayi gari fankar teburinsa ta yi ɓatan dabo. Ya tara mu a ɗakin taro, ya tura ƙofa, ya goya hannu a baya.

"Kowa ya kawo alibinsa," in ji shi.

Direba ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai ba a ba ni nawa ba."

"Ba rabawa ake yi ba, kalmar Faransanci ce. Alibi shi ne hujjar cewa lokacin da aka yi laifi kana wani wuri daban. Mai shi ya kuɓuta, marar shi ya shiga uku. Jiya aka ɗauke fankar, tsakanin sha ɗaya da ƙarfe biyu."

Tsakiyar lokacin aiki ke nan. Muka yi tsuru-tsuru, sai Direba ya yi ta maza. Ya ce shi da motar ofis ya kai surukarsa kasuwa, ga ta nan da ranta, a tambaye ta. Darakta ya gyaɗa kai ya rubuta. Akawu ya cire hula ya nuna sabon aski. Ni kuwa na fito da hotona a gidan kallon ƙwallo, har da agogon bango a bayana.

"Madalla! Wannan shi ne alibi gangariya."

Saura Sakatariya, wadda shekara tara ba ta taɓa makara ba.

"Ke fa, Malama?"

"Ina kan kujerata, ina buga rahoton da ka ce a gama."

"Wa ya gan ki?"

"Wa zai gan ni, ranka ya daɗe? Ni kaɗai ce a ofishin."

Darakta ya yi murmushi irin na wanda ya kama kura da hannu. Nan take ya dakatar da ita mako biyu, ya sa ta buga takardar da kanta, don babu wanda ya iya na'urar buga takardu sai ita.

Ta ɗauki jakarta ta fice. Na bi ta har bakin titi ina ba ta haƙuri, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta ce in koma, amma in yi hattara kada a yi wani laifin ina ciki.

Mako biyun ya cika ba ta dawo ba. Kamfanin da ke hawa na sama ya ɗauke ta. Mukan haɗu a matakala, mu gaisa.