Taraktar Alhaji da Dabarar Mutanen Biyetnam

A ranin da rediyo ke ta shelar cewa sojojin Sin sun tsallaka iyakar Biyetnam, Barau ya faɗo mini gida a Gwaram ba ko sallamar kirki. Barau ƙanin matata ne, marigayiya Hajjo, shi ne kuma mai unguwar Rugar Sada, can bayan Dingaya. Tun da aka binne ta bai taka ƙofata ba, don haka na san ba kewata ce ta kawo shi ba.

"Malam, mun kashe kanmu," ya ce. Leɓensa a bushe, hularsa a hannu.

Alhaji Ɗanbala na Birnin Kudu, wanda kwangilar hanya ta mayar mutum, shi ya ƙyalla ido ya ga fadamarsu, inda suke noman rake da albasa tun da kakanninsu suka jingine sandar kiwo. Ya ce kakansa ne ya ara musu. Da safen nan ya turo tarakta a kife ƙasar, da albasar da komai. To, akwai wani wuri a fadamar da samansa ke bushewa ya yi ɓawo, ƙarƙashinsa kuwa taɓo ne da kan haɗiye saniya. Kowa a rugar ya san shi. Direba ya tambayi hanya, Salihu ɗan Barau ya nuna masa nan. Tarakta ta nutse har wuya.

"Kun yi dariya?" na tambaye shi.

"Mun yi."

"Yanzu fa?"

"Yanzu mata na ɗaure kaya. An ce zai zo da 'yan sanda mota guda a kwashe mu, kafin mu fito an kewaye fadamar da waya. Samari na cewa a cinna wa tarakta wuta. Malam, in fadamar nan ta tafi, me za mu ci da rani?"

Na rage muryar rediyo.

"Ka ji waɗannan da ake faɗa, mutanen Biyetnam? Shekara wajen dubu suna ƙarƙashin Sin, ba su saki harshensu ba. Da suka ƙwaci kansu, Sarkin Sin ya yi ta aiko musu runduna. Sun taɓa kafa turaku masu bakin ƙarfe a cikin kogi, ruwa ya janye, jiragen baƙi suka tsire a kai."

"Kamar tarakta."

"Wannan kowane wawa ya iya, ɗanka ma ya iya. Abin da ya hana a cinye su shi ne abin da sukan yi washegari. Wani karo da suka ci rundunarsa, sai suka ba ta guzuri da dawakai da jirage ta koma gida. Sannan suka tashi manzanni da kaya, suna ba da haƙuri kamar su aka ci. Sarkin Sin ya karɓi gaisuwa, ya tsira da girmansa, su kuma suka tsira da ƙasarsu. A gabansa talakawa, a gida sarakuna."

"Mu ba shi haƙuri a kan gonarmu?"

"A kan tarakta. Gona kada bakinka ya ambace ta."

Barau ya murza hular. Ya ce, "To, rago za a kai. Kada a sa ko ganyen albasa." Wannan ba daga littafi ya samo ba. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya a ƙasarmu ya san mai aron gona ne ke kai wa mai ita dami daga abin da ta haifa. In ka kai rago, ka gai da babba. In ka kai amfanin gonar, ka yi shaida a kan kanka.

Da azahar muka isa rugar. Aka haɗa shanun noma duka, aka ɗaura wa tarakta igiyoyi, mazan da suka yi dariya da safe suka shiga taɓo har ƙugu. Ba mai waƙa. Duk ƙugin motar da aka ji daga nesa sai igiya ta saki, kowa ya ɗaga kai. Da aka fito da ita, mata suka wanke ta da ruwan rijiya kamar gawa. Ba ta tashi ba. Direban, wani siririn mutum mai suna Ɗan'azumi, ya fi kowa tsoro, don shi ya san ubangidansa. Aka dama masa fura da nono, ya sha.

Washegari muka hau a-kori-kura zuwa Birnin Kudu: ni, da Barau, da Ɗan'azumi, da farin rago a baya cikin harawa. Salihu aka tura shi gidan kawunsa. Dada, uwar Barau, ta raka mu har bakin hanya tana ta addu'a. Na ga tana gyara harawar, na ɗauka ragon take tausayi.

Zauren Alhaji cike yake da masu jiran kwangila da masu jiran abinci. A ƙofa ga ɗan sanda a kan benci yana cin gyaɗa. Barau ya cire takalmansa tun daga titi. Aka bar mu a rana har inuwar katanga ta gaji ta koma, sannan aka ce mu shiga.

Barau ya zube. "Ranka ya daɗe, mun zo neman gafara. Motarka ta sha wahala a wurinmu. Mun fito da ita, mun wanke ta, ga direbanka lafiya."

Alhaji bai dube shi ba, yana yankan farce. "Ɗan'azumi, sun doke ka?"

"A'a, ranka ya daɗe. Fura suka ba ni."

Wani ya yi dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya mayar da ita tari.

Aka jawo rago. Zaure ya ɗauki "tubarkalla". Alhaji ya ɗaga ido, fuskarsa ta ɗan saki. Sai ga wani bara ya shigo a bayan ragon da kaya a kafaɗa, ya dire a tsakiyar tabarma.

Damin rake ne, manya, baƙaƙe, irin da ba a samu sai a fadamar Rugar Sada. Ashe Dada ta ga rago ɗaya ba zai isa ya sayi ran jikanta ba, ta tura dami a ƙarƙashin harawa.

Zauren nan babu wanda bai san ma'anar dami ba, har ɗan sandan ya leƙo. Duk abin da na karanta a duniya bai ba ni kalma ɗaya ba.

Alhaji ya ajiye reza. "Madalla. Mai unguwa, ashe kun san haƙƙi. Wannan na gonata ne?"

Barau ya dubi raken. Na ga yatsun ƙafarsa sun kama tabarma.

"Guzurin Ɗan'azumi ne, ranka ya daɗe," ya ce, muryar kamar ta mai zazzaɓi. "Ya kwana a wurinmu. Mu kuwa baƙo ba ya barin gidanmu hannu wofi."

Alhaji ya juya kan direba. "Naka ne?"

Ɗan'azumi ya dubi ubangidansa, ya dubi Barau, ya dubi ƙasa. In ya ce a'a, mun gama. In ya ce i, wataƙila shi ya gama.

"Tsohuwar ce ta ce in kai wa yara," ya ce.

Ƙarya yake, Allah ya saka masa da alheri.

Alhaji na iya kiran ɗan sanda, amma sai ya yi haka a gaban mutanen da suka ga an durƙusa masa da rago, gobe kuma a kasuwa a ce ya yi faɗa da direbansa a kan rake. Ya yi murmushin da bai kai ido ba.

"Ɗauke abinka daga tabarmata." Ya sa aka ba Barau hula da ƙwaryar goro tukwici. "Ragon ya yi. Irinsa nake so da Babbar Sallah. Kowace."

"In Allah ya so, ranka ya daɗe."

Maganar gona ba ta sake tashi ba a ranar.

A dawowa, bayan mun wuce rabin hanya Barau ya buga wa direban a-kori-kura, ya sauka ya yi amai a gindin wata kuka, ya dawo ya zauna.

"Malam, mutanen naka, shekara nawa suka yi suna kai gaisuwar?"

"Ɗaruruwa."

"Ya daina zuwa musu?"

"Yanzu haka yana can a ƙasarsu."

Ya gyaɗa kai. Da muka isa rugar bai shiga gida ba, bai kuma tsaya amsa wa matan da ke zaune a kan ƙunshin kayansu ba. Ya zarce fadama, ya tsaya a kan kunya yana duban albasar da ta kwana ba ruwa, ganyenta ya fara kwanciya.

"A kira Salihu," ya ce. "Ya zo da guga."