Kafson da Ya Koma Aljihu

Mai kemis ya riga ya ɓallo kafso daga takardarsa sa'ad da likita ta ɗaga labule ta shigo. Jikarsa tana kwance ana yi mata ƙarin ruwa, kwananta uku tana gudawa da jini.

"Baba, me ke hannunka?"

"Maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, 'yata. Shekara talatin ina bayar da shi. Ku kun rataya mata ruwa kun tafi."

Uwar yarinyar ta ce, "Likita, yi masa magana. Baba ko kaza ce ta yi atishawa sai ta sha kafso."

Likita ta jawo kujera ta zauna kusa da shi cikin ladabi. "Sakamakon gwajinta ya fito. Dangin ƙwayar da ke hanjinta suna cikin kowa, zaman lafiya ake da su. Amma ita wannan ƙwayar, wata halitta da ta fi ta ƙanƙanta, bairos, ta shige ta, ta kawo mata hanyar haɗa guba daga wata ƙwayar. Yanzu bairos ɗin yana cikinta kwance."

"Subhanallah! Ashe ita ma cutar tana da tata cutar?"

"Tana da ita. In aka ba da wannan maganin, ƙwayar za ta ji wuya, bairos ya farka, ya hayayyafa, ya fasa ta, gubar ta malala cikin jini. Ƙoda take fara kamawa. Abin da muke jira shi ne fitsari, shi zai nuna ƙodar na aiki."

Tsohon ya daɗe yana duban tafin hannunsa. Ya tuna iyaye mata da suka sha karɓar irin wannan kafson a tagarsa suna sa masa albarka, bai taɓa jin yadda aka ƙare ba. Ya yi istigfari a hankali, ya mayar da kafson aljihu, ya zaro carbi.

Bayan La'asar yarinyar ta jiƙe zanen gado. Uwar ta fashe da kuka, shi kuwa ya yi sujadar godiya ga Wanda ba abin da ke ɓoyuwa gare Shi, komai ƙanƙantarsa.

Kafin Magariba ya buɗe shagonsa. Wata mata da goyo ta leƙo.

"Baba, kafson gudawa, irin wanda ka saba."

Hannunsa ya kai kan kantar magani, ya tsaya.

"Zauna tukuna, 'yata. Akwai jini?"