Kwanon Beryl

Jan baki a leɓen matarsa, da ƙarfe goma na safiyar Talata. Abin da Les ya fara gani ke nan da ya shigo kicin neman filaya, ya baro wayar shinge a tsinke, tumaki na leƙen hanya.

Noelene, wadda suka shekara talatin da ɗaya da aure, tana gurza busasshen cuku a kan wani cukun mai laushi. Ta yayyanka albasa mai tsami, ta barbaɗa barkono, ta murje da bayan cokali. Kafin buta ta tafasa kwaɗon ya haɗu. Ta juye shi a wani shuɗin kwano da Les bai sani ba.

"Baƙi za mu yi?"

"Na Athol ne. Cire hannunka."

Athol maƙwabcinsu ne, gonarsa na hayin rafi. Bara matarsa Beryl ta rasu. Les ya ɗaga kwanon ya leƙa gindinsa, inda matan garin ke manna salatif su rubuta suna don kada kwanuka su cakuɗe a taron coci. BERYL. Tawadar har ta koɗe.

"Lemon tsami ya kawo mini a ciki," in ji Noelene. "Kwano kuwa ba ya komawa wofi. Ko ba a koya maka a gidanku ba?"

"Sau nawa ke nan yana komawa?"

"Ban ƙirga ba, ɗan sanda."

"Jan bakin fa? Cukun ne ke kallo?"

"Leɓena ne ya bushe, tsoho."

Ruwa ba ya tsami banza. Les ya sungumi kwanon da ƙunshin biskit. "Ni zan kai."

"Kai mana," ta ce, ko juyowa ba ta yi ba. Saurin yardar ma bai kwanta masa ba.

Ya tarar da Athol a baranda, ya aske gemu, rigarsa a goge. Kofi biyu a kan tebur.

"A'a, Les! Kai ne yau?"

"Ni ne. Wa kake jira?"

"Duk wanda ya zo. Hannu ne ya saba fito da kofi biyu, ya ƙi dainawa."

Mai yiwuwa ne. Les ya zauna yana kallonsa yana shafa kwaɗon a biskit, yana tauna a hankali.

"To, ga kwanonka ya dawo gida," in ji Les. "Magana ta ƙare ke nan."

Athol ya ɗauki kwanon. Ya shiga ciki, aka ji ƙarar cokali, aka ji famfo. Ya fito da kwanon a wanke, ƙwai goma sha biyu jere a kan tsumma.

Les ya ce, "Naka ne fa, mutumina. In kwano ya koma wurin mai shi, ai ya zauna."

"Na sani. Amma in na gan shi a kan kanta wofi, sai in ji kamar yau aka binne ta. Kai wa Noelene. Kajin nan ba su san ni kaɗai ba ne."

Idanunsa sun yi ruwa. Ko baƙin ciki ne ko barkono, Les bai iya rabewa ba. Kuma wanda ya mayar wa mai makoki kyautarsa, kafin Lahadi duk gari ya ji. Ya karɓa.

Hanyar gida duk gargada ce. Les ya ajiye kwanon a kujerar gefe, ya dafe shi da hannu ɗaya, yana jan a-kori-kurar a hankali kada ƙwai ko ɗaya ya fashe.