Daɓen Sefa

Zuberu ɗan canji ne a kasuwar Bawku, kuma in ka zauna kusa da bencinsa ka shiga uku, don sai ya koya maka tafiyar kuɗi ko ba ka tambaya ba. A wurinsa farashin sefa ɗaki ne mai daɓe da rufi. In fataken Burkina suka cika kasuwa da sefa, farashi ya yi ta sauka har ya kai inda mata masu sarin atamfa a Lome ba sa iya haƙuri, su yi caa su saye, sai ya tsaya ya juyo. Daɓe ke nan. In kuma ya hau ya kai inda kowa ke fito da wanda ya ɓoye a ƙarƙashin katifa, sai ya buga kai ya dawo. Wannan shi ne rufi. Gaskiya ya iya abinsa, shekara da shekaru yana saye a ƙasa yana sayarwa a sama. Matsalarsa ɗaya, bai taɓa ganin ranar da abin ya ƙi ba, har ya fara jin kamar shi ya gina ɗakin.

Uwarsa, Mma Atikatu, doya take sayarwa a Salaga. Tun yana saurayi take tarin kuɗin Makka, kuma shi ya hana ta ajiye sidi, kuɗin ƙasarsu, don sidi narkewa yake kamar man kaɗe a rana. Duk abin da ta tara sai ta aika masa ya mai da shi sefa. A ƙarshen shekarar casa'in da uku ya ɗauro kuɗin a ƙugu ya je gida, ya gaya mata kuɗin kujera sun cika. Tsohuwa ta yi kukan murna, ta ce ya canza su ya biya Alhaji Sidiku na Yendi, mai yi wa maniyyata hanyar jirgi.

"Mma, yanzu sefa na kan daɓe," in ji Zuberu. "Ki ba ni 'yan makonni ya hau, ki samu har kuɗin tsaraba."

"Ba tsaraba za ta kai ni ba. Gwiwoyina sun fara ƙi, Zuberu. Ka kai kuɗin."

Ya ce to. Motar komawa ta tsaya a Yendi, ga shagon Alhaji Sidiku yana kallo ta taga, amma ya gyara zama. Shi a ganinsa gata yake yi mata.

Wata safiya cikin Janairu ya iso kasuwa ya tarar da ita a hargitse. Yussif, maƙwabcin bencinsa, ya tare shi ido jajur.

"Maigida, ba ka ji rediyo ba? An yanka darajar sefa biyu. Har Sankasi can bakin iyaka kowa na kuka."

Zuberu ya yi dariya, ya ce tsoro ne kawai, daɓe zai tare. Don ya nuna wa matsorata, sai ya kwashi jarinsa ya saye sefan da ake ta zubarwa. Matan atamfa kuwa sun zo, amma su ma sayarwa suka zo yi. Kafin azahar farashi ya ratsa daɓen Zuberu ya wuce ko waiwaye babu. Waɗanda suka yanke hukuncin a can nesa ba su san da Bawku ba, balle wata mai doya a Salaga.

Da mai hankali ne, da ya tafi gida a ranar ya faɗi gaskiya. Sai ya zauna jira. Ya nemo sabon daɓe, ya yi ta gaya wa kansa daga nan za a tashi. Farashi kan ɗan motsa, waɗanda suka ƙone su yi maza su sayar, ya koma ya kwanta. Tsohon daɓen ya zama rufin da ko da tsani ba a taɓo shi. Azumi ya zo ya wuce, Alhaji Sidiku ya rufe karɓar maniyyata, abin da ke hannun Zuberu bai fi rabin kujera ba.

Bayan salla ya isa Salaga, ya tarar Mma Atikatu ta riga ta bar wa wata rumfarta. Ta zaga unguwa gida gida ta nemi gafara kamar yadda mai tafiya Makka ke yi, mutane kuma sun yi ta kawo gudummawa: buta, darduma, takalmin roba, farin yadi. Duk suna jere a ɗakinta. Ya durƙusa ya faɗa mata, yana ta kawo zancen dala da Faransa da ta sa aka karya sefa.

Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi kukan, da ya fi masa sauƙi.

"Ranar da ka biyo ta Yendi, sun isa?"

"Sun isa, Mma."

"To, ni ban san Faransa ba. Kai na sani." Ta nuna kayan. "Na yi ban kwana da garin nan, ba ni da fuskar da zan koma in ce ina nan. Kwashi ka mayar wa kowa nasa, ka gaya musu da bakinka."

Haka ya yi ta bi, ɗan canjin Bawku da buta a hannu. Wasu suka ce Allah Ya sa da rabon baɗi, wasu suka karɓa suka juya ciki. Ya zo gidan Mma Damata, tsohuwar ƙawar uwarsa da idonta ya mutu, ya ajiye mata takalmin roba a gabanta, ya maimaita jawabinsa.

Ta laluba takalmin ta ture shi gefe.

"Wannan na kasuwa ne, ɗana. Na ba ta sunan 'yata Sahada da ke kwance ba lafiya, ta yi mata addu'a a gaban Ka'aba. Ta yi min alkawari. Yanzu wa zai kai?"

Zuberu ya sunkuya ya ɗauko takalmin da ta ture. Tsohuwa tana fuskantarsa tana jiran amsa, ga sauran kayan mutane a buhu bai mayar ba.